Jan Maɓallin da Ya Kamata Kowane Mai Waya Ya Sani

Ƙarshen wata ba ya ɓuya a Kudenda. Da albashi ya shiga, sai ka ga ma'aikatan kamfanonin wannan unguwar masana'antu ta kudancin Kaduna sun yi layi gaban masu POS da ke ƙarƙashin laima. A irin wannan layi na ga wani dattijo ya miƙa katinsa ga yarinyar da ke riƙe da na'urar.

"Baba, ga shi, sa lambarka."

"A'a 'yata, idona ya yi rauni, danna min kawai."

Ya faɗi lambobi huɗun da ƙarfi, kusan mutum goma na ji. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ba wanda ya taɓa zaunar da wannan bawan Allah ya gaya masa cewa lambar nan ita ce makullin guminsa na wata guda.

Mutane da yawa sun ɗauka sai wanda ya san cikin kwamfuta ne zai iya da ita. Wanda ya yi aiki a kamfani ya san ba haka ba ne. Mai kula da inji ba shi ya ƙera shi ba, in ya lalace ma injiniya ake kira. Amma tun ranar farko ana nuna masa inda ba a sa hannu, da jan maɓallin da ke tsayar da komai in abu ya rikice. Gwargwadon sanin da mai waya ko kwamfuta yake bukata ke nan.

Dannawa kanta ba wuya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, daga baya ta sauƙaƙa ta yadda haruffa takwas sun isa ɗalibi ya zaɓi amsa, ya yi gaba, ya koma baya, ya miƙa aikinsa. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuma ya koya wa masu shayi da masu kayan miya tura kuɗi ta waya cikin 'yan makonni.

Inda gizo ke saƙar shi ne sanin inda abu yake zaune. Kuɗinka ba sa cikin waya, ba sa cikin kati. Lissafi ne a kwamfutar banki, wayar taga ce kawai da kake leƙawa. Saƙon da ake kira alat kuwa rubutu ne, kuma ɗan damfara na iya tura irinsa. Saboda haka mai shago ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun ƙaru kafin ya saki kaya. Bankin ma ba ya ganin fuskarka lokacin da kake tura kuɗi. Abin da ya sani shi ne lambar sirri da layin wayarka, inda yake aiko lambar nan ta amfani sau ɗaya. Duk wanda ya riƙe waɗannan biyun, a wurin kwamfuta shi ne kai. Shi ya sa ɓarawon waya yakan fi son layin da ke ciki fiye da wayar, shi ya sa kuma kulle layi da lambar sirri, aikin minti biyu, ya fi wata doguwar lacca amfani. Lambar banki ta BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kowacce lambobi 11, ba abin karanta wa baƙon murya ba ne, ko da ya kira sunanka da na mahaifinka daidai. A nan ake danna jan maɓallin: kashe kiran, ka taka zuwa banki da ƙafarka.

Akwai wata asarar da ba a cika magana a kanta ba. Wani ɗan ƙanena ya je shagon kwamfuta rajistar jarrabawa, yaron shagon ya buɗe masa imel, ya zaɓi kalmar sirri, bai rubuta masa ba, shi ma bai tambaya ba. Bayan watanni shagon ya tashi. Mun sha wahala kafin ya kai ga bayanansa. Ba laifi a biya wani ya yi maka aikin, amma ka fito da adireshin imel da kalmar sirrin a hannunka, lambar wayar da aka sa kuma ta zama taka.

Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta ce burinta kashi 95 cikin ɗari na 'yan Najeriya su samu ilimin amfani da na'urorin zamani nan da 2030. Buri ne mai kyau, sai dai ina fata ba da takardar shaidar kwas za a auna shi ba. Dattijon layin POS ba zai je aji ba.

Kamfanonin Kudenda na tara ma'aikata su yi musu bayanin kariya daga haɗarin inji. Su ƙara minti goma a kan kariyar albashi, da Hausa da Turancin da kowa ke ji. Masu POS su riƙa juya wa kwastoma na'urar su kau da kai. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, zauna da shi yau da daddare ku canza lambar katinsa, ka bar shi ya danna da hannunsa har ta zauna masa.