Tsakuwar Matsarmama: A Ga Ciwo Kafin a Sha Jiƙo

A ƙasar Birnin Gwari, daga cikin gari har Gwaska da ƙauyukan bakin dajin Kamuku, wanda ciwo ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan ya ci maiƙo yakan fara neman sauƙi wajen saiwa da sassaƙe. Yanzu kuma ga magungunan Ayurveda, wato na gargajiyar Indiya, ana tallarsu a intanet da alkawarin narkar da tsakuwar matsarmama ba tare da tiyata ba. Matsarmama jaka ce ƙarama a ƙarƙashin hanta, tana tara ruwa mai ɗaci da ke taimakawa wajen narkar da kitse. Idan ruwan ya daskare sai ya zama tsakuwa, kuma masu amosanin jini sukan same ta tun suna ƙanana saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu. Ko maganin asibiti mai narkar da ita ƙanana kawai yake ci, sai an sha watanni, sau da yawa kuma ta dawo.

Mai talla zai ce ai an ga tsakuwa ta fito a bayan gida. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a New Zealand kan korayen dunƙulen da ke fita bayan shan man zaitun da ruwan lemon tsami: ashe man ne ya dunƙule a hanji ya zama kamar sabulu. Wani zai ce ganye ba ya cutarwa. A 2004 an buga sakamakon gwajin magungunan Ayurveda 70 da aka saya a yankin birnin Boston na Amurka, aka tarar da dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14.

Hujjar guje wa asibiti da ta fi ƙarfi ita ce ta talaka: hanyar Kaduna ta sha fama da ’yan bindiga, tiyata kuma sai da kuɗi. Wannan gaskiya ne, amma shi ya sa hoton ciki ya zama dole. Mafi yawan tsakuwoyin nan suna kwance shiru, ba sa buƙatar jiƙo ko wuƙa. Wadda ke kisa ita ce wadda ta zame ta toshe hanyar da ruwan ke bi zuwa hanji. Nan ne ido ke yin rawaya, fitsari ya yi duhu, zazzaɓi ya zo da rawar ɗari, a ce shawara ce a koma ga jiƙo, alhali ruɓa tana shiga jini. Mai wannan hali asibiti yake buƙata a ranar, ko da za a kai shi har babban asibitin Shika. Masu maganin gargajiya na gari sun san iyakarsu, kuma babban taimakon da za su yi wa mai rawayar ido shi ne su ce masa ya kama hanya.