Takardar Koke da Turanci: Jarrabawar da Ta Kamaci Manyan Ɗalibai a Gaya da Ajingi

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutanen karkara da dama da ba su taɓa hulɗa da banki ba suka tsinci kansu cikinta dole. Mai sayar da gero a Gaya ya koma karɓar taransifa, mai kiwon tumaki a ƙauyukan Ajingi ya saba da zuwa wurin mai POS. Da sabon ciniki kuwa sai sabuwar matsala ta biyo: an cire kuɗi daga asusu, mai POS ya ce bai gani ba, ko an turo kuɗin wuta na ƙiyasi alhali unguwa ta kwana biyu cikin duhu. Idan mutum ya je ofis ya yi bayani da baki, amsar da ya fi samu ita ce, "Je ka rubuto takarda." Takardar nan kuma, a mafi yawan ofisoshi, da Turanci ake tsammaninta.

Hanyoyin neman haƙƙi suna nan a rubuce. Babban Bankin Nijeriya ya ce mai koke ya fara kai wa bankinsa, in mako biyu suka wuce ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa sashen Babban Bankin na kare masu hulɗa da bankuna. A 2020 ma ya ba da umarnin a kammala rikicin POS cikin awa 72. A harkar lantarki, hukumar NERC ta tsara cewa a fara rubuta wa kamfanin rarraba wuta, wanda a Kano, Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, a ba shi kwanakin aiki 15, sannan a wuce zauren sauraron koke na hukumar. Akwai kuma FCCPC, hukumar kare masu sayen kaya ta tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa, da majalisar kare masu sayen kaya ta Jihar Kano. Kusan duk waɗannan ƙofofi da alƙalami ake ƙwanƙwasa su. Wanda bai iya ba, sai ya biya mai kwamfuta ya rubuta masa, ko ya ce ya bar wa Allah.

Kano ba baƙuwa ba ce a fagen karantar da manya. Bayan gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 a Arewa, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta jiha a 1980, irinta ta farko a Nijeriya, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Ɗalibi kan fara da karatu da rubutu a harshensa, Turanci ya shigo sosai a mataki na gaba. Tambayar da ta dame ni ita ce: idan magidanci ko uwargida sun kammala wannan mataki, da me za a gane sun iya Turancin da zai amfane su? Jarrabawar da muka saba da ita, ta cike gurbi da zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu, tana nuna mutum ya san ƙa'idar nahawu. Ba ta nuna ko zai iya dawo da dubu ashirin ɗinsa da ta maƙale.

Masana auna harshe sun daɗe da juyawa ga abin da ɗalibi zai iya aikatawa da harshen. Ma'aunin harsuna na Turai da ya fito a 2001 ya kasa ƙwarewa matakai 6, kowane an bayyana shi da ayyukan da mai koyo zai iya yi. Kanada na da nata mai matakai 12, inda ake gwada baƙi manya da ayyukan rayuwa na zahiri, kamar cike fom ko rubuta wa mai gidan haya. Wannan tunani ba ya buƙatar kuɗi mai yawa kafin a kawo shi aji a Gaya.

Ga yadda zai kasance. Malami ya miƙa wa ɗalibi rasit na POS da kwafin saƙon cire kuɗi, waɗanda aka shirya don gwaji, ya ce masa ya rubuta wa manajan banki. Mai dubawa sai ya zauna a kujerar ma'aikacin da takardar za ta faɗa hannunsa, ya tambayi kansa: na san wane ne ya rubuto da yadda zan same shi? Na gane abin da ya faru, da ranar, da adadin kuɗin, da lambar cinikin? An gaya mini a fili abin da ake so in yi? In amsar duka i ce, takardar ta ci, ko da an tsallake ƙananan kalmomi ko an kuskure harafi nan da can. Amma in ɗalibi ya rubuta 2,000 a maimakon 20,000, ko ya rikita lokacin aikatau har aka kasa gane an mayar da kuɗin ne ko ana roƙon a mayar, wannan kuskure ne mai nauyi, a rage maki sosai. Wanda kuwa ya rubuta lambar sirrin katinsa a takarda, a mayar da shi ya sake, domin a waje asusunsa zai tafi gaba ɗaya.

Wurin da ya fi buƙatar lura shi ne salon magana. Mun taso da wasiƙa mai doguwar gaisuwa da fatan alheri kafin a shiga zance, mun kuma taso da kunya da haƙuri. Ɗalibi zai iya cika rabin shafi da gaisuwa da roƙon "a taimaka mini don Allah", kamar mai neman sadaka, alhali haƙƙinsa yake nema. Wani kuma ransa ya ɓaci, takardarsa ta ƙare a "Allah ya isa". Dukansu ba su faɗi buƙatarsu ba. Ladabi abin so ne, bai kamata malami ya kashe shi ba. Abin da zai koyar, ya kuma auna, shi ne jimla ɗaya tsayayya: ina neman a mayar mini da kuɗi kaza cikin asusuna kafin rana kaza.

Gwaji irin wannan na da rauninsa. Malamai biyu za su iya ba takarda ɗaya maki daban, shi ya sa ake so a rubuta ma'aunin tun kafin jarrabawa, mutum biyu su duba wasu takardun tare har idonsu ya daidaita. Ɗalibanmu kuma gwanayen hadda ne, da yawansu allo ya horar da su, don haka in aka maimaita labari ɗaya za su haddace takardar su zubo ta. Maganinsa a riƙa sauyawa: yau banki, gobe takin zamani da aka gauraya da yashi, jibi babur da ya lalace mako guda da saye.

Ni a ganina wajibi ne ofisoshin da ke cin kasuwar Hausawa su karɓi koke da Hausa, da boko ko da ajami, ya kamata kuma wakilanmu su matsa a kan haka. Kafin a kai can, aji ne kaɗai wurin da mutumin Ajingi zai gwada hannunsa ba tare da asara ba. A haɗa har da matakin ƙarshe cikin jarrabawar: ɗalibi ya yi kwafi biyu, ya miƙa ɗaya, ya nemi a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗayar, domin daga wannan ranar ake fara ƙirga mako biyun banki da kwanaki 15 na kamfanin wuta.