Kwamfutar gidanmu da ba ta ajiye komai

Na dawo daga aikin dare na tarar da ƙanena a tsakar gida ya zabga tagumi. "Yaya, hotunan Baba sun tafi," abin da ya iya faɗa ke nan.

Shi ne ya haɗa mana 'yar kwamfuta a gidanmu da ke Tirkaniya, irin wadda ake kira Raspberry Pi, da aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Ba ta fi tafin hannu ba. Ita ce sabar gida: hotunan iyali, karatun yara da finafinai duk daga gare ta wayoyinmu ke ɗauka, ba tare da ƙona data ba. Sai dai komai yana kan memori ɗaya, shi kuwa memori ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. An ɗauke, ya lalace. Da ƙyar muka tattaro rabin hotunan marigayi daga wayoyin dangi.

Da ya sake gini, sai ya cire memorin gaba ɗaya. Na ce, "Kai auta, kwamfuta ba ma'aji?" Ya yi ta bayani ban gane ba, sai da na kwatanta da asibiti. Nas takan gama aikinta ta tafi, wata ta karɓa, amma fayil ɗin majinyaci yana ɗakin ajiya, ba a jakar kowa ba.

Haka tsarin yake. Idan an kunna 'yar kwamfutar, ta waya take tambayar wani akwati da ke ɗakin Hajiya, shi zai miƙo mata manhajar tashi. Tun samfurin 2016 irin waɗannan kwamfutoci suke iya hakan. Kowane aiki kuma yana cikin nasa kwantena, wato manhaja da aka ƙunshe da duk kayan aikinta, dabarar da Docker ya yaɗa daga 2013. Na hotuna daban, na karatu daban. Idan ɗaya ya rikice, a jefar a ɗauko sabo. Hotunan ba a cikinsa suke ba.

Akwatin nan shi ne ake lallaɓawa. Faifan ajiya biyu ne a ciki, kowane na kwafar ɗan'uwansa, kuma shi da rawuta kaɗai ke kan batirin sola. Da hunturu Hajiya da kanta take share masa ƙura, ta hana jikoki zuwa kusa.

Ba zan ce muku babu aibu ba. Buɗe bidiyo ya ɗan ƙara nauyi, kuma ranar da ɓera ya ci wayar, gidan duka ya tsaya cak. Faifai biyu a ɗaki ɗaya ma ba sa hana gobara ko ɓarawo. Nan ne na sa baki: na sayi faifai na uku da kuɗina. Duk ƙarshen wata auta yana kwafe komai a kai, ni kuma in biya Tudun Wada in ajiye shi a gidan Yaya Babba kafin in wuce asibiti.