Daga Durumi zuwa Sakatariya: Haƙƙin ƙafa a kan ma'aikaci

Da dama daga cikin ma'aikatan da ke zaune a Durumi sukan fara aikin yini da ƙafa tun kafin su isa ofis. Sukan tako daga cikin unguwa zuwa bakin titi ko Area 1 neman mota, kuma tun da aka hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar Abuja a 2006, ragowar tafiya daga inda mota ta sauke su zuwa Sakatariyar Tarayya ma a ƙasa ake yin ta. Hadimi da ɗan saƙo kuwa sukan wuni a tsaye. Duk wannan nauyi yana kan ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33 da ke cikin kowace ƙafa, waɗanda ake rufewa a takalmi sau-ciki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma.

Abin da ya fi cutar da ƙafar ma'aikaci ba datti ba ne, laima ce. Musulmi yana wanke ƙafarsa sau da yawa a rana wajen alwala, amma bayan sallar Azahar da yawa kan zura safa a jiƙe su koma tebur. Ɗumi da danshi su ne abincin ƙwayar cutar da ke haddasa cin ruwa a tsakanin yatsu, da ƙaiƙayi da wari. Maganin ba shi da tsada: ƙaramin tawul a aljihun tebur, a tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a sauya safa kullum, a kuma bar takalmi ya sha iska kwana guda kafin a sake sa shi. Wannan ya fi zama dole da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da hanyoyin Durumi marasa kwalta kan cika da taɓo.

Da hunturu lamarin yakan juya. Fata ta bushe, kaushi ya taru, diddige ya yi faso. Man kaɗe ko basilin da dare ya wadatar, sai dai a shafa a tafi da diddige kawai, ban da tsakanin yatsu. A goge kaushi a hankali da dutsen goge ƙafa bayan wanka. Reza ba ta da hurumi a nan.

Farce a yanke shi a miƙe, kada a ƙwaƙule gefensa, domin hakan ne ke sa ya shige cikin nama. Mai ba masu yankan farce na yawo ƙafarsa ya tanadi almakashinsa na kansa, saboda ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar cutar hanta nau'in B. Takalmi kuma, sabo ko na gwanjo, a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba.

Ga mai ciwon suga, waɗannan ɗabi'u sun wuce batun tsafta. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji a hankali, ya kuma rage gudun jini zuwa ƙafa, har mutum ya taka ƙusa ko takalmi ya goge shi bai sani ba. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Saboda haka likitoci ke ba shi shawarar duba tafin ƙafarsa kowane dare, ko da madubi, ya daina yawo ba takalmi, ya lalubi cikin takalmin kafin ya sa, ya kuma guji gasa ƙafa da ruwan zafi.

Raunin da ya ƙi warkewa, da jin dindiris ko zugi kamar ana soka allura, da kumburin ƙafa ɗaya, da sauyin launin yatsa, duk alamu ne na zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba. Ma'aikacin tarayya da ke da rajista da hukumar inshorar lafiya ta NHIA yana da asibitin da ya zaɓa. Idan ya je, ya nemi gwajin suga, ya kuma cire safa likita ya ga ƙafar da idonsa.