Reshen Cediya a Ƙofar Gida

Garwa gari ne a arewacin Kamaru da ke kwance a kwarin kogin Binuwai, duwatsun Tingilin na tsaye a arewacinsa. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, iska ta tsaya cik, kowa ya shiga neman inda zai raɓa. Baƙon da ya bi manyan tituna zai ɗauka dogon yaro ne kaɗai itacen garin, don shi ne ke jere dama da hagu. Sai ya kutsa tsofaffin unguwanni irin su Fulɓere, ko ya fita ƙauyukan da ke hanyar Pitowa da Gidar, sannan zai fara cin karo da dattawan itatuwa: cediya, durumi, ɓaure, can kuma a bakin gari gamji. Dangi ɗaya ne dukansu, dangin ɓaure. Cediya da durumin da ke tsaye a ƙofar gida ko gefen masallaci kuwa, da wuya ka samu wanda ya tashi daga ƙwaya. Wani ne ya saro reshe, ya haƙa rami, ya kafa.

Akwai dalilin da ya sa ba a bin ta hanyar iri. Furannin wannan dangi a ɓoye suke cikin ɗan itacen, shi ya sa ba wanda ke ganin ɓaure ya yi fure. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kutsawa ta ƙaramar kafa ya haɗa barbarar, kuma kusan kowane nau'i da irin nasa ƙwaron. Su ne yara ke tararwa in sun ɓare ɓaure, su hure su sannan su kai baki. Ƙwayoyin da ke fitowa ƙanana ne ƙwarai, ba su da ƙarfin jure rana da bakin akuya. Tsuntsaye da jemagu ne ke yaɗa su, sau da yawa kuma a kan wani itacen suke tsira. Mai yawo a karkara ya sha ganin cediya ko gamji ya tsiro a wuyan giginya, ya sako saiwoyi ƙasa, ya rungume ta har ya shaƙe ta. Magidancin da ke son inuwa a ƙofarsa ba zai zauna jiran jemage ba. Tun da daɗewa mutane suka gane cewa reshen waɗannan itatuwa, in ya samu ƙasa mai laima, da kansa yake fitar da saiwa.

Lokacin aikin shi ne ƙarshen bazara, sa'ad da hadari ya fara haɗuwa, wato daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni. Wanda ya yi gaggawa rana ta busar masa da reshe kafin ruwa ya sauka. Wanda ya yi jinkiri har Agusta kuma, ƙasa ta riga ta sha ruwa ta ƙoshi, gindin reshen ya ruɓe, ko kuwa damina ta ɗauke a Oktoba saiwar ba ta yi nisa ba.

Abu na farko shi ne roƙo. Ba a hawa itacen ƙofar wani da gatari sai da izninsa, kuma a al'ada ba a sayen reshe. Saurayi zai je ya durƙusa ya gaida mai gida, ya ce, “Baba, hannu ɗaya nake roƙo daga cediyar nan, in kafa a ƙofata.” Dattijon yakan ce, “Allah ya raya. Amma kada ka taɓa na gabas ɗin nan, shi ke tare mana hantsi.” Shi zai nuna da sandarsa wanda za a sara. Wannan ɗan zance yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin itacen da ya tashi daga reshe uwarsa ce sak: faɗin ganye, yawan inuwa, saurin girma, duka nata ne. Saboda haka mai nema yakan zagaya ya zaɓi uwar da ya yaba da ita. Shekaru bayan nan, in ka tambayi asalin durumin wani gida, za a iya ce maka daga na masallacin unguwa aka saro shi, na masallacin kuma daga gidan Lamiɗo ko na wani malami.

Reshen da ake so miƙaƙƙe ne, mai kaurin damtse ko ya ɗara kaɗan, tsawonsa ya wuce mutum a tsaye, kamar mita 2 zuwa 2 da rabi. Tsawon nan saboda awaki ne: in toho ya fito can sama, akuya ko ta yi tsaye da ƙafafun baya ba ta kai gare shi. Ana sara da adda mai kaifi don kada ɓawon ya yage, a sassabe ƙananan rassa, a zubar da ganyen duka, domin ganye ne ke zuƙe ruwan jikin reshen alhali ba shi da saiwar da zai mayar. Wurin saran yakan zubo da farin ruwa mai danƙo. Masu kula sukan jingine reshen a inuwa 'yan kwanaki har bakin ya bushe, don ɗanyen rauni in ya shiga ƙasa mai jiƙa ruɓewa yake yi.

Sai rami. Da dagi ake haƙa shi, zurfin kamu ɗaya ko fiye, ya ɗan fi reshen faɗi. Ba a buga reshe a ƙasa kamar turke, don bugun yana saɓule ɓawon gindi, a nan ne kuwa saiwa za ta fito. A kuma lura da kai da gindi: yadda reshen yake tsaye a jikin uwarsa, haka zai tsaya a rami. Yaron da aka aika ya juya shi, ya yi aikin banza. Ana barbaɗa toka a ramin saboda gara, wadda ita ce babbar abokiyar gabar sabon dashe a ƙasar nan. A mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddanna ta da ƙotar fartanya har reshen ya tsaya ƙyam ba ya motsi. Kan da aka sare kuma a shafe shi da ɗanyen kashin shanu ko laka, wasu su kifa masa tsohon gwangwani, don kada rana ta tsotse shi ta sama. A ƙarshe a kewaye da ƙaya, ko tsohon zana, ko tubali, saboda jaki da ɗan maraƙi suna son soshe jikinsu da duk abin da suka gani a tsaye.

Zaɓen wuri shi ne inda hankalin manya ya fi fitowa. Sau da yawa za ka ga an kafa reshen daidai inda ake alwala a ƙofar zaure ko gefen masallaci. Sau biyar a yini buta na zuba a gindinsa, ba wanda ya ɗebo ruwa musamman dominsa, kuma da haka yake tsallake ranin farko, wanda shi ne mai wuya. A cikin gida mata kan sa shi kusa da inda ake wanke-wanke. Sai dai dangin ɓaure masu bin ruwa ne da saiwa. Wanda ya matsa da shi kusa da katanga, ko rijiya, ko masai, wata rana zai ga bango ya tsage. Shi ya sa gamji, mai girman gaske, ba a cika kai shi cikin gida ba, ban da cewa mutanen da suna ɗaukar manyan itatuwa irinsa da tsamiya da kuka a matsayin mazaunin iskoki. Cediya da durumi su ne 'yan gari.

Makonni kaɗan bayan kafawa sai ka ga jajayen toho sun ɓullo, mai reshe ya yi ta murna. Tsofaffi ba sa saurin yin barka. Wannan ganyen farko daga ajiyar da ke jikin reshen ya fito, mai yiwuwa a ƙasa ba komai tukuna. Yara masu ɗoki sukan girgiza shi su ji ko ya kama, su tsinke 'yan saiwoyin da suka fara fita. Sai an ga ya wuce hunturu, ya shiga bazara da ganyensa, sannan a ce ya kama. Ba duka ke rayuwa ba, don haka mai dabara kan kafa biyu ko uku. Cediya da durumi sun fi saurin amsawa, ɓaure ya fi son bakin rafi da fadama.

In ya kama, amfaninsa ya wuce zama a gindi. Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha, ita kuwa cediya nata ne ke sha: mai saƙar tabarma, wanzami, mai sayar da goro, almajirai da allunansu. A Kano har unguwanni suka ɗauki sunan irin waɗannan itatuwa, kamar Cediyar 'Yan Gurasa da Durumin Iya. Ga kuma kiwo. A tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, ganyen cediya da durumi da ɓaure ɗanye ne shar, dabbobi na son shi. Mai turke ragon Layya a Garwa yakan haɗa masa harawa da tunkuzar guryar da kamfanin auduga na Sodecoton ke fitarwa, ya ƙara da ganyen da ya saro a ƙofarsa. Saran ba ya kashe itacen, sabbin rassa yake jawowa, waɗanda nan da 'yan shekaru za su isa kafawa. Gamji kuma da danƙonsa aka san shi: yara na taunawa, suna ɗana wa tsuntsaye, a farkon ƙarni na 20 ma har fitar da shi aka yi zuwa Turai daga Kano.

Wannan ilimi bai tsaya kan dangin ɓaure ba. Dashi, aguwa, bini-da-zugu, ararraɓi da zogale duk da reshe ake kafa su a yi shinge mai rai. Masanin labarin ƙasa ɗan Faransa, Christian Seignobos, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Kamaru, ya wallafa nazari a 1980 kan yadda al'ummomin wannan yanki da na Cadi suka riƙa kewaye garuruwansu da ganuwar itatuwa, layin dashi da tinya da sarƙaƙiya, don tare mahaya dawaki a zamanin hare-hare. Ƙasar da manomanta ke cire dawar masakwa su dasa ta a laka bayan damina ta ɗauke, ba a koya mata dashe.

Shi ya sa abin ke damuna in na ga yadda ake gangamin dashen itatuwa. Tun shirin Sahel Vert na shekarun 1970, zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne, har zuwa farfaɗo da shi a 2008, abin da aka saba gani shi ne 'yan tsirrai a baƙar leda. Dogon yaro, ɗan asalin ƙasar Indiya, ya yi wa Garwa da Marwa alheri, ba mai musu: yana jure fari, awaki ba su damu da shi ba. Amma rashin damuwar awakin nan ita ce ke nuna ba zai ciyar da su ba. Ɗan tsiron leda mai tsawon taƙi yana bukatar shinge da ban ruwa na shekaru, reshen cediya kuwa ranar da aka kafa shi ya riga ya fi mutum tsawo, kuma ko sisi ba a biya ba. Filayen gidaje a cikin gari sun matse, siminti ya ci ƙofofi, na yarda. To amma harabar makarantu, tashoshin mota, kasuwannin shanu da filayen Idi suna nan fetal a rana, kuma nan ne wurin durumi.

Akwai wani ɗan dangin da masu sha'awar lambu ke gwadawa a gida, wato ɓauren Larabawa, tin ɗin da aka sa wa sura ta 95 a Alƙur'ani sunansa. Shi ma da reshe ake yaɗa shi, kuma da alama tun fil azal: a 2006 masu binciken kayan tarihi suka ba da labarin 'ya'yan ɓaure da aka tono a Gilgal, a kwarin kogin Jodan, masu shekara kusan 11,400, na irin da ba ya yin ƙwaya mai tsira. Suka ce ke nan mutane ne ke kafa rassansa, ko da yake wasu masana sun ja da wannan fassara. Reshen ɓauren Larabawa ƙarami ne, kaurin yatsa, tsawon taƙi ɗaya, mai ido uku ko huɗu. Ana cusa kashi biyu cikin uku a tsohon bokitin da aka huda gindinsa, cikin yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa, ƙasar ta kasance da laima kawai ba caɓi ba. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe shi. In sabon ganye ya yi ƙwari, saiwa kuma ta fara leƙowa ta hudar bokitin, sai a riƙa fitar da shi hantsi kaɗan-kaɗan kafin a mayar da shi ƙasa a farkon damina, a wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya.