Gida a kan taya: nawa zama cikin mota ke ci a wata a Amurka?

Quartzsite ƙaramin gari ne a hamadar jihar Arizona, mazaunansa na dindindin ba su kai 2,500 ba. Amma duk watan Janairu, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Amurka, dubban motoci kan kewaye shi ta kowane ɓangare, iya ganin ido. Motoci ne masu gado, da murhu, da makewayi a ciki. Amurkawa na ce musu RV, Faransawa kuma camping-car. Mafi yawan masu su ƴan hutu ne ko tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda za su koma gidajensu idan sanyi ya wuce. Wasu kuwa ba su da inda za su koma, motar ce gidan.

Bidiyon waɗannan mutane ya cika TikTok da YouTube, ya iso har wayoyin matasan Maraɗi da Damagaram: ga mutum ya buɗe ƙofar motarsa a bakin tafki yana shan kofi, ba mai gida, ba kuɗin haya. Ɗan ci-ranin da haya ke cinye rabin albashinsa a Bronx ko a Greensboro ma kan tsaya ya kalla sau biyu. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne takardar lissafi. Idan aka buɗe ta, hayar tana nan daram, an dai rarraba ta ne gida-gida an canza mata suna.

Kafin a shiga lissafi, a lura: duk inda aka ce dala a nan, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Don sauƙi, mun ɗauki dala ɗaya a kan sefa 600, ko da yake canjin na hawa da sauka.

Inda za a kwana

Mota ba ta tsayuwa a iska, kuma a Amurka kowane taƙi na ƙasa da mai shi. Zangon ƴan kasuwa, inda ake jona wa mota wutar lantarki da ruwa da bututun zubar da ƙazanta, galibi yana cin dala 40 zuwa 80 a kwana. Wanda ke biyan dala 50 kullum, a ƙarshen wata ya ba da dala 1,500, wato jika ɗari tara. Akwai garuruwa da dama a tsakiyar Amurka da wannan kuɗi zai kama wa mutum gida mai ɗaki biyu. Idan ya yarda ya zauna wuri guda wata cur, ana yi masa ragi sosai, kuɗin ya sauko zuwa dala 500 ko 900, amma sai ya biya wutar da ya sha daban. Wasu zangunan ma ba sa karɓar motar da ta haura shekara 10, don kada ta ɓata musu kyan wuri. Ke nan talakan da ya sayi tsohuwa don sauƙi, shi ake fara mayarwa daga bakin ƙofa.

Sauƙin gaske yana dajin gwamnatin tarayya, a jihohin yamma. Hukumar kula da filayen gwamnati, BLM, tana barin mutum ya yada zango kyauta a mafi yawan filayenta har kwana 14, sannan dole ya tashi ya yi nisa. Ba ruwa, ba wuta, ba makewayi. Kusa da Quartzsite akwai wani fili da ake kira La Posa, inda hukumar ta ware don dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Shekaru da yawa kuɗin takardar wannan zama na wata bakwai dala 180 ne, kimanin dala 26 a wata, jika sha biyar da ɗoriya, tare da famfon ɗiban ruwa da wurin zubar da ƙazanta. Wannan araha ce ke tara jama'a a can. Sai dai da zarar Yuni ya kama, zafin wurin kan haura digiri 40, kamar dai Tahoua a watan Afrilu, kuma akwatin ƙarfe ba ya zaunuwa a irin wannan rana. Dole a tada inji a nufi tsaunuka.

A cikin birane lamarin ya ƙara tsanani. Da, shagunan Walmart sun shahara da barin matafiya su kwana a filin ajiye motocinsu, yanzu kuwa ya danganta da shugaban kowane shago da dokar garin, kuma da yawa sun hana. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, ta ba birane damar hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Tun daga nan garuruwa da yawa, musamman a California, suka ƙara matsa wa masu kwana a bakin titi. Idan aka ja motar mutum zuwa ma'ajiya, gidansa aka ja, da katifarsa da takardunsa, kuma kuɗin fansa na ƙaruwa kowace rana.

Mai da gyara

A nan lissafin ke rabuwa biyu. Babbar motar gida, irin mai tsawon bas, tana shan kusan lita 30 a kilomita 100. Mu ɗauka mai ita ya yi tafiyar kilomita 1,800 a wata, kwatankwacin Yamai zuwa Damagaram da dawowa. Lita 540 ke nan. Idan lita tana kan santi 85, ya ƙona dala 460, kusan jika 275. A watan Yunin 2022, da galan ɗaya na esansi ya haura dala 5 a faɗin ƙasar, wannan tafiyar ta fi dala 700. Ƙaramar mota irin ta ɗaukar kaya, wadda aka gyara cikinta aka sa gado, tana shan kusan rabin haka.

Don haka abin da ke jan mutum zuwa wannan rayuwa, wato yawo, shi ne mafi tsada a cikinta. Mai tashi kowane kwana uku yana biyan mai da yawa, yana biyan zango a farashin kwana-kwana, yana kuma tsufar da motarsa da wuri. Mai son araha sai ya kafe wuri guda na watanni.

Gyara kuwa shi ne abin da masu bidiyo suka fi tsallakewa, saboda ba ya zuwa kowane wata. Gida ne da ake jijjigawa a kan hanya sa'o'i da yawa: ƙusa na kwancewa, bututu na tsagewa, rufi na fara yoyo ba a sani ba sai katakon bango ya ruɓe. Tayoyin babbar mota guda shida ne, ana canza su bayan shekara biyar zuwa bakwai ko da ba su cinye ba, domin rana na busar da robar, kuma canjin kan kai dala 3,000. Gareji a Amurka yana lissafin aikin hannu ne da awa, sau da yawa sama da dala 150, ba irin makanikin unguwa da za a yi ciniki da shi a ce sai an samu ba. Sannan ranar da mota ta kwana a gareji, mai ita sai ya nemi otel. Wanda bai ware dala 200 zuwa 400 kowane wata don wannan ba, rana ɗaya za ta rusa masa lissafin shekara.

Ita kanta motar fa? Lokacin annobar korona mutane sun yi rububin saye: a 2021 masana'antun Amurka, waɗanda akasarinsu ke yankin Elkhart na jihar Indiana, sun fitar da sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. A 2023 abin ya faɗo zuwa kimanin 313,000. Waɗanda suka saya da tsada a lokacin rububi, da suka zo sayarwa sai suka tarar kasuwa ta cika da na hannu. Gida yakan ƙara daraja da shekaru, mota kuwa tun ranar da ta bar shago take raguwa. Bashin dala 60,000 na shekara 15 da ruwan kashi 8 cikin ɗari yana nufin biyan dala 573 duk wata, jimilla sama da dala 100,000, a kan abin da kafin a gama biya ya zama tsohon ƙarfe.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da yawan bayani, amma suna taruwa. Inshorar mai zama cikin mota dindindin ta fi ta mai fita hutu tsada. Ga iskar gas ta girki da ɗumama ɗaki, ga injin wanki na haya, ga kuɗin zubar da ƙazanta. Masu ƙananan motoci da ba su da wurin wanka kan yi rajista da gidan motsa jiki irin Planet Fitness, kimanin dala 25 a wata, don shawa kawai. Intanet a daji sai Starlink, wanda ƴan Nijar ma suka saba da shi tun 2025, kuma tsarinsa na matafiya marar iyaka ya haura dala 150 a wata. Abinci ma ya fi tsada fiye da a gida: firigo ɗan ƙarami ne, ba inda za a jingine buhun shinkafa ko a adana rabin rago, sai sayen kaɗan-kaɗan a shagunan ƙauye.

Idan muka tara da kanmu, mutum ɗaya mai ƙaramar mota da ya biya kuɗinta lakadan, mai kwana a dajin gwamnati, mai girka abincinsa, zai iya rayuwa da kusan dala 1,000 a wata: 350 abinci, 150 mai, 100 inshora, 80 waya, 200 ajiyar gyara, sauran wanka da wanki da gas. Jika ɗari shida ke nan. Mata da miji masu babbar mota ta bashi, masu yawo suna sauka a zangon kuɗi, za su doshi dala 3,500, sama da miliyan biyu na sefa. Duka lissafin biyu babu kuɗin asibiti a ciki, kuma a Amurka wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Wanda bai kai shekara 65 ba, da zai shiga tsarin Medicare na gwamnati, shi ke neman inshorar lafiyarsa, kuma da yawa cikinsu likitocin jihar da aka yi rajista kaɗai suke biya wa, in ban da larurar gaggawa.

Ina kuɗin ke fitowa?

Masu aiki ta intanet da masu fansho mai kauri sun fi kowa jin daɗin abin. Sauran suna bin aikin kaka ne. Ƴar jarida Jessica Bruder ta bi irin waɗannan mutane ta rubuta littafin Nomadland a 2017, wanda Chloé Zhao ta mayar fim, ya ci kyautar Oscar a 2021. Yawancin waɗanda ta rubuta labarinsu dattawa ne da rikicin bashin gidaje na 2008 ya raba da muhallinsu. Da bazara su yi gadin zango a daji, suna share makewayi, a ba su wurin ajiye mota da ɗan albashi. A Oktoba su tafi Dakota ta Arewa da Minnesota girbin tushen da ake matse sukari daga cikinsa, aikin awa 12 cikin sanyi. Ƙarshen shekara su shiga rumbunan Amazon, wadda ta taɓa gudanar da shiri na musamman mai suna CamperForce don ɗaukar mazauna mota. Bob Wells, wanda ya fito a fim ɗin da sunansa na gaskiya, shi ya kafa taron shekara-shekara na Quartzsite inda ake koya wa sababbin shiga yadda ake haɗa farantin hasken rana da yadda ake kwana a gari ba a gane ba. Duk wanda ya san ci-rani zai gane wannan zagaye, sai dai a nan masu yin sa sun haura sittin.

Ga ɗan Nijar da ke can

Akwai wani tsadar da ba a lissafa ta da dala, kuma ta fi shafar baƙo. Komai a Amurka yana rataye da adireshi: permi, lambar mota, banki, inshora, haraji. Amurkawa mazauna mota sun samo dabara, suna yin rajista a Dakota ta Kudu, Texas ko Florida, jihohin da ba sa karɓar harajin albashi, su biya wani kamfani ya riƙa karɓar wasiƙunsu yana tura musu. Ƙungiyar Escapees da ke Livingston a Texas ta daɗe tana wannan aiki. Ga ɗan ƙasa, wasiƙar da ta makara ɓacin rai ce kawai. Baƙo kuwa, doka ta wajabta masa sanar da hukumar shige da fice sabon adireshinsa cikin kwana 10 da sauya wurin zama. Wanda ke da shari'ar neman mafaka, idan takardar kiran kotu ta wuce shi bai halarta ba, alƙali na iya yanke hukuncin korarsa a bayan idonsa.

Sannan filayen arahar nan na Arizona da kudancin California suna kusa da iyakar Meziko, inda jami'an tsaron iyaka ke da shingayen bincike har nisan kilomita 160 cikin ƙasa. Mai cikakkun takardu zai wuce. Wanda nasa ke da matsala, ya kai kansa.

Ƴan Afirka ta Yamma da yawa a Amurka sun riga sun san kwana a kan taya ta wata hanyar: tuƙin manyan motocin kaya masu ɗan ɗaki a bayan kujerar direba, inda mutum kan yi makonni bai ga gadonsa ba. Bambancin a lissafi yake. Direban da ke yi wa kamfani aiki, kamfanin ke sayen gazuwal da tayoyi, kuma kowane kilomita kuɗi ne ke shiga aljihunsa. Mai motar gida, kowane kilomita nasa ne ke fita. Kuma ko su direbobin, da yawansu na riƙe da ɗaki na haɗin gwiwa da ƴan uwa a gari, mutum uku ko huɗu a raba haya, saboda akwatin wasiƙa da kuma inda za a sauka ranar da jiki ya ƙi.