Mai Gandu da Yinin Shugaban Ƙasa

Wanda ya tashi a gidan gandu ba sai an yi masa dogon bayani a kan aikin shugaban ƙasa ba, don tun yana ƙarami yake ganin irinsa. Mai gida ne kan riga kowa tashi. Kafin hantsi ya faɗi gonar da za a shiga yau, ta jigawa ko ta fadama, ya duba fartanya da garma, ya sa a hau rumbu a sauko da damin gero a ba mai girki. Ƙannensa da 'ya'yansa su yi noman gandu har azahar, daga nan kowa ya wuce gayaunarsa. Shi kuwa yininsa ba nasa ba ne. Ga suna a maƙwabta, ga jana'iza a ƙauyen gaba, ga baƙo a zaure yana jiran a gaisa, ga haraji da sadakin ɗa duk a wuyansa.

Haka yinin wanda ke zaune a fadar Aso Rock yake, tun da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba na 1991. Abin da muka fi gani a talabijin shi ne ɓangaren zaure: sabon jakada ya miƙa takardar kama aiki an yi musabaha, an ajiye furanni ranar 15 ga Janairu don tunawa da sojojin da suka kwanta dama, an yi wa ƙasa jawabi ranar 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, an tafi Amurka a watan Satumba taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Zumunta a ƙafa take, kuma mai gidan da ba ya zuwa gaisuwa, ranar da gobara ta tashi a gidansa shi kaɗai zai ɗebi ruwa. Sai dai gaisuwa ana iya aika ƙane ya wakilta. Buɗe rumbu kuwa sai da izinin mai gida.

Rumbun shugaban ƙasa alƙalaminsa ne. Sashe na 148 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta masa zama a kai a kai da mataimakinsa da ministoci, waɗanda aƙalla akwai ɗaya daga kowace jiha cikin 36. Shekaru da dama ranar Laraba ake wannan zama na majalisar zartarwa, har Shugaba Tinubu ya mayar da shi Litinin a 2023. A nan ministoci ke gabatar da takardun manyan kwangiloli, hanya ko madatsar ruwa ko layin dogo, a amince ko a ce a koma a gyara. Idan majalisar tarayya ta aiko da ƙuduri, kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi. Naɗin hafsoshin soja, da jakadu, da manyan alƙalai, duk sai sun bi ta teburinsa. Takarda ɗaya ta kwana wata uku a kan teburin nan, ma'aikata guda ce ta zauna ba shugaba, ma'aikatanta na zuwa ofis suna hira suna komawa gida.

Inda kwatancin ya fi zama daram shi ne kasafin kuɗi, domin shi ma kamar shuka yake, yana da lokacinsa. Mai gandun da ya bari ruwa ya zauna bai fito da iri ba, ko ya fito da shi daga baya ya riga ya yi asarar shekara. An sa hannu a kasafin 2016 a watan Mayu, na 2017 da na 2018 kuma sai a watan Yuni. Kafin kuɗi su fita su isa hannun ɗan kwangila, damina ta kankama, ga laka ga ruwa, ba a zuba kwalta. Laifin ba na fada kaɗai ba ne, majalisa ma ta ja ƙafa, amma mai gida ake tambaya idan gona ta kwana ba shuka. Sai da aka sa hannu a kasafin 2020 tun a Disambar 2019 sannan aka koma tsarin Janairu zuwa Disamba, kuma wannan gyara ne da ya cancanci yabo.

Akwai kuma mai tsaron ƙofar zaure. A gidan gandu sau da yawa babban ɗa ne ke ce wa baƙo Baba yana hutawa, ko ya ce masa bismillah. A fada, shugaban ma'aikata ne ke tsara wa zai shiga, wace takarda za ta hau sama, wacce za ta jira. Shi ya sa sunan marigayi Abba Kyari, wanda ya riƙe muƙamin daga 2015 har rasuwarsa a watan Afrilun 2020, ya fi na ministoci da yawa nauyi a bakin mutane. Shugaba ba zai ga kowa ba, dole a tace. Abin tsoro shi ne a wayi gari kukan talaka ba ya wuce ƙofa, sai muryar masu kusanci.

Babbar jarrabawa kuwa ita ce ranar da mai gida ba ya nan. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, Allah ya jiƙansa, asibiti a Jidda, ba tare da an aika wa majalisa takardar miƙa ragama ga mataimaki ba, wadda sashe na 145 ya yi magana a kanta. Ciwo ba laifin kowa ba ne, amma ƙasa ta sha wahala. Mataimaki na nan, ikon sa hannu babu. Da lokacin rantsar da sabon alƙalin alƙalai Aloysius Katsina-Alu ya yi a ƙarshen Disamba, mai barin gado Idris Legbo Kutigi ne ya rantsar da shi, aikin da aka saba shugaban ƙasa ke yi. Kwana 78 aka yi a haka, har ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta kafa hujja da larura ta ce mataimaki Goodluck Jonathan ya riƙe ragama.

Daga baya an gyara sashen, aka ce idan kwana 21 suka wuce shugaba bai aiko da takarda ba, majalisa na da ikon ɗora mataimaki da kanta. Da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari zai tafi jinya Landan a watan Mayun 2017, ya aika takardar kafin ya hau jirgi. Ya yi fiye da kwana 100 a can, an yi ta guna-guni a kan daɗewar, amma majalisar zartarwa ta ci gaba da zama, kuma mataimakinsa Yemi Osinbajo ne ya sa hannu a kasafin wannan shekarar a matsayin muƙaddashi.